Hawan jini da ciwon suga: kwamfuta na ƙirga marasa lafiya, amma ba ta san su ba

A yawancin asibitocin Nijar, tarihin mai hawan jini ko ciwon suga yana cikin ɗan littafin nan da ake kira karne. In ruwan damina ya jiƙa shi, ko aka baro shi a ƙauye, sai likita ya koma tambaya daga fari: wane magani kake sha, tun yaushe? Sau da yawa amsar ba ta wuce launin ƙwaya, fara ce ko ja.

Ga zazzaɓin cizon sauro wannan da sauƙi, kwana uku an gama magani. Hawan jini kuwa abokin zama ne har ƙarshen rai. Awon rana ɗaya ba ya isar likita. Sai ya jera na watanni kafin ya gane ko maganin na aiki, ko ƙoda ta fara gajiya.

Ba wai babu kwamfuta a harkar ba. Ma'aikatar kiwon lafiya na amfani da manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita, wajen tattara rahoton wata-wata na cibiyoyin CSI. Da ita Yamai ke sanin mutum nawa aka duba a jihar Maraɗi ko Tawa. Sai dai jimilla ce. Ba ta faɗa wa ma'aikacin jinya cewa wance ta yi wata uku ba ta dawo karɓar magani ba.

Wannan giɓin ne manhajar OpenMRS ta nufa, wadda aka faro a 2004 don bibiyar masu cutar sida a Eldoret ta ƙasar Kenya: kowane mutum da lambarsa, awonsa da ranar dawowarsa. Wanda bai zo ba, a neme shi.

Kawo irinta Nijar na buƙatar wuta, kuma ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba ƙasar. Akwai kuma batun sirri, wanda ke hannun hukumar HAPDP.

Ga iyaka ma. Dattijon da ya je Katsina ko Kano neman magani, ɗansa na turo kuɗin daga Abijan, lambarsa ta Nijar ba za ta yi aiki a can ba. Shi ya sa wasu iyalai ke ɗaukar hoton shafukan karne su ajiye a WhatsApp.