Mai son ganin biri ya je gidansa

A kasuwannin ƙasar Hausa akan ga mutum riƙe da biri a sarƙa. Birin yana rawa, yara suna dariya, ana jefa kuɗi. Amma birin nan daga daji aka kamo shi tun yana ƙarami, sau da yawa bayan an kashe uwarsa. Duk wanda ya jefa dala guda, ya taimaka a sake kamo wani. Akwai hanyar kallon biri da ta fi wannan kyau: mutum ya je har gidansa, ya bi doka, ya biya. Ƙasar Ruwanda ta gwada haka, kuma ta ga amfaninsa.

A tsakiyar Afirka, inda Ruwanda da Uganda da Kwango suka yi iyaka, akwai manyan duwatsu da ake kira Birunga. Can ne gorilar dutse take zaune. Gorila ita ce babba cikin dangin birai. Namiji yakan fi kilo 150, amma ganye da tohon gora ne abincinsa. Macen takan haihu sau guda cikin wajen shekara 4. Don haka in an kashe guda, maye gurbinta yana da wuya.

A da an kusa ƙare su. An sare daji an yi gonaki. Tarkon da maharba suke ɗana ma gada yakan kama su. Wata Ba'amurkiya, Dian Fossey, ta zauna kusa da su tun 1967, ta sanar da duniya halin da suke ciki. A 1981 an ƙidaya wajen 250 kawai a Birunga. A 2018 kuwa, in an haɗa da na dajin Bwindi a Uganda, sun wuce 1000.

Ɗaya daga cikin dalilan ƙaruwarsu shi ne ziyara mai tsari. A Ruwanda, mutum 8 kaɗai ke zuwa wurin iyalin gorila guda a rana. Awa guda suke yi, su juyo. Suna tsayawa nesa da dabbar. Ba a taɓa ta, ba a ba ta abinci. Mai mura ko tari ba ya shiga, haka ma yaron da bai kai shekara 15 ba.

Wani zai ce dokokin sun yi tsanani. Ba su yi ba. Hausawa sun ce biri ya yi kama da mutum, kuma kamar ta kai har ga cuta. Murar da mutum zai warke daga ita cikin kwana uku tana iya kashe gorila. Birin da ya saba da abincin hannu kuma yakan bar tsoro, ya shiga gonaki ya yi ɓarna, manomi ya harbe shi.

Wani kuma zai ce kuɗin sun yi yawa. Gaskiya ne, tun 2017 baƙo daga nesa yana biyan dalar Amurka 1500, wato fiye da jikka 800 na sefa. Ƴan ƙasa suna biyan ƙasa da haka ƙwarai. Amma tsadar ce ta sa baƙi kaɗan suke kawo kuɗi masu yawa ba tare da sun tattake dajin ba. Da kuɗin ake biyan masu gadin daji, waɗanda ke yawo kullum suna cire tarko. Ana kuma ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga don ƙauyukan kewaye, a gina makaranta da ɗakin shan magani da tankin ruwa.

Nan ne maganar take da nauyi. Manomin da ke bakin daji shi ke hasarar amfanin gona, shi aka hana itace da farauta. In bai ga rabonsa ba, ba zai kare dabbar ba, kuma ba a ga laifinsa. Don haka baƙon kirki yakan ɗauki ɗan rakiya da ɗan dako daga ƙauyen, ya sayi abinci wurin matansu.

Nijar ma tana da nata birai. Gandun dajin W, kudu da Yamai, wanda aka kafa a 1954, yana da bika da jan biri. A shekarun nan rashin tsaro ya hana baƙi zuwa. Ranar da lafiya ta dawo, ya kamata ziyara ta dawo da doka, kuma mutanen ƙauye su sami rabonsu. Kafin nan, ɗan makaranta yana da abin yi: kada ya jefi biri, kada ya sayi ɗan biri, kada ya ba mai sarƙa ko dala.

Tambayoyi
1. Don me ake hana mai mura zuwa wurin gorila?
2. Ina kuɗin da baƙi suke biya suke tafiya?
3. Me ya sa ya kamata manomin bakin daji ya sami rabo?