Zafin Bazara Magani Ne Ga Ƙasar Lambu

Masu noman tumatir a Kadawa sun san wannan asara: shuka ta yi kyau har ta fara fure, sai ta yi yaushi ta bushe alhali ruwa bai yanke mata ba. In an tuge ta, a tarar da saiwar ta yi ƙulu-ƙulu, ko cikin karan ya koma ruwan ƙasa. Masu ɓarnar a cikin ƙasa suke, wato ƙwayoyin fungas da wasu tsutsotsi waɗanda ido ba ya iya gani. Feshin ganye ba ya kai musu.

A da, manyan gonakin duniya kan turara ƙasa da gubar metil buromaid, amma Yarjejeniyar Mantiriyal ta hana wannan saboda gubar tana cin lemar ozon da ke sararin sama. Wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2015.

Tun a 1976 Jaacov Katan da abokan aikinsa a Isra'ila suka bayyana wata hanya. A gyara ƙasa, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa farar leda mai shara-shara, a binne bakinta, a bar ta mako 4 zuwa 6 a lokacin tsananin zafi. Hasken rana yana ratsa ledar, zafi ya kasa fita, har saman ƙasar ya wuce digiri 45 a ma'aunin Salshiyos. Baƙar leda ba ta kai fara ba, domin ita kanta take dumamawa. Ranar Maris da Afrilu da ake kuka da ita a ƙasar Hausa, ita ce daidai aikin.

Sai dai zafin yana raguwa a can ƙasa, shi ya sa bai kamata a raba shi da taki ba. Kashin kaji ko yankakken ganyen kabeji, in an cuɗa su da ƙasar kafin a rufe, suna fitar da tururi mai guba ga cututtukan, ledar kuma ta tsare shi. Takin yana kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani, su rigayi cuta mamaye wurin.

Gaskiya leda tana da tsada, rufe eka guda ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Inda ya dace a fara shi ne wurin renon iri, 'yan taku kaɗan, domin daga nan dashe mai cuta ke bazuwa cikin lambu duka. Ya kamata malaman aikin gona su sa ɗalibai su gwada a lambun makaranta: kunya ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe, a auna zafinsu da azahar, bayan wata biyu da shuka a tuge a kwatanta saiwa. A kuma kwashe ledar in an gama, kada awaki su haɗiye ta.