Wai "batir batir ne"? Mu daina yaudarar kanmu da araha



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu: "Batir ai batir ne, a sayi mai araha kawai." Da ita ake rufe bakin duk wanda ya ce a sayi na kirki, ko a gida, ko a wajen taro idan an zo kan kayan aikin 'yan sintiri. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma tana jawo mana asarar kuɗi da kasadar rai.

Kowa ya san halin wuta a garin nan. A shekarar 2024 kaɗai babban layin lantarki na ƙasa ya faɗi sau da dama, ban da lalacewar taransfoma da tsinkewar waya idan iskar damina ta taso. Saboda haka tocila a wurinmu ba kayan ado ba ce. Da ita ake ganin kunama kafin yaro ya taka, da ita ake haska mai naƙuda har a kai ta Babban Asibitin Karshi, da ita ɗan sintiri ke bambance baƙo da ɗan unguwa. Wanda ya zuba wa irin wannan tocila batirin da ke mutuwa tsakar dare, bai yi tattali ba, ganganci ya yi.

Ƙananan baturan da ke shagunanmu girmansu ɗaya, amma cikinsu daban. Ku juya jikin batirin ku karanta. Idan kun ga R6 ko R03, wannan mai sinadarin kabon ne, shi ne mai araha. Idan kun ga LR6 ko LR03, alkalin ne. Harafin L ɗin nan shi ne bambancin. A tocila mai haske sosai alkalin kan ninka na kabon daɗewa, kuma a ajiye yakan kai shekara 5 zuwa 10, alhali na kabon da wuya ya wuce 2 zuwa 3. Ko a tafin hannu za ku ji alkalin ya fi nauyi. Akwai kuma na litiyam mai alamar FR6, ya fi su duka jure ajiya da zafi, sai dai tsada.

Kada rubutun "Heavy Duty" ko "Super Heavy Duty" ya ruɗe ku. Sunan ne kawai mai kwarjini, amma dangin kabon ne da aka ɗan gyara, bai kamo ƙafar alkalin ba. Mai shagon da ya ce maka shi ne ƙarshen ƙarfi, ko bai sani ba, ko so yake kayansa su fita.

Na san abin da wasu za su ce: "Sakatare, ana fama da na abinci kana maganar batir mai tsada?" Gaskiya ne rayuwa ta yi wuya. To amma a yi lissafi. Wanda ke sayen mai araha duk bayan 'yan kwanaki, a ƙarshen wata nawa ya kashe? Ga shi idan ya tsufa a ciki sai ya yi yoyo, ya cinye ƙarfen tocilar, a sake sayen wata. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ban ce a daina sayensa ba. Agogon bango da rimot ba su cin wuta, ya ishe su. Tocilar gaggawa ce bai dace da ita ba.

Wasu kuma cewa suke fitilar waya ta wadatar. Daren da aka yi kwana biyu ba wuta, wayar ce za ka kira taimako da ita. Ka ƙone cajinta wajen haska tsakar gida, da me za ka kira maƙwabci?

Masu tocila mai caji ma kada su saki jiki. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da batirin da ake kira 18650, wato faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na gaskiya daga manyan kamfanoni ba ya wuce wajen 3,500mAh. Duk wanda kuka ga an rubuta masa 9,900mAh, ƙarya ce aka buga a jikinsa. Sannan batir mai caji idan aka bar shi a mace wata da watanni, yakan ƙi tashi gaba ɗaya. Ga 'yan sintiri da ke aiki kullum, ƙananan batura masu caji irin NiMH sun fi riba, domin ana maimaita cajinsu sau ɗaruruwa.

Ko batir mai kyau ne, ajiya na kashe shi. Zafin Maris da Afrilu na zuƙe shi, don haka kada a bar shi a mota, ko kan taga, ko dab da rufin kwano. A duba kwanan watan lalacewa kafin a biya, a kuma yi hattara da jabu, domin manyan sunaye irin Duracell da Energizer su aka fi kwaikwaya. Kada a haɗa tsoho da sabo a tocila ɗaya. Tocilar da ba a amfani da ita kullum, a cire mata batir a ajiye a gefenta, don alkalin ma yana yoyo.

Kirana biyu ne. Masu shaguna, ku ji tsoron Allah ku faɗa wa mai saye abin da yake saye. Mu kuma, duk lokacin da za a fitar da kuɗin jama'a don tocilan sintiri, a daina auna batir da yawansa a kwali, a duba abin da aka rubuta a jikinsa. Kowane gida ya tanadi tocila ɗaya da sabbin batura na alkalin a inda kowa ya sani, a riƙa gwada ta duk farkon wata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai ja da wannan magana, ya sa irin biyun a tocila biyu iri ɗaya, ya kunna su tare bayan isha'i, ya zo ya ba mu labari.

Allah Ya tsare mana garinmu.