SABO DA KAZA BA YA HANA YANKA

Yau magana ce a kan dukiyar da ke yawo a tsakar gidanku, wato kaji. A Gozaki da sauran garuruwan ƙasar Kafur, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, da wuya ka shiga gidan da babu akurki. Gona ta maigida ce, amma kaza ta uwargida ce. Da ita take sayen sabulu, da ita take karɓar baƙo, da ita take kai yaro asibiti in ta kama. To, abin da muke so ku duba shi ne, kajin nan suna ciyar da ku, ko ku ne kurum kuke ciyar da su?

Dalilin tambayar shi ne, mata da yawa suna riƙe da tsofaffin kaji don sabo kawai. Wannan ta gidanmu ce aka ba ni, waccan kuwa ta shekara biyar a hannuna. Kazar Hausa takan fara ƙwai tana da wata 6 ko 7. Takan yi zubi uku ko huɗu a shekara, kowane zubi ƙwai 10 zuwa 15. Ƙarfinta yana cikin shekarunta biyu na farko. Daga nan ƙwai sai raguwa, ɓawonsa ya yi laushi, wanda ake ƙyanƙyashewa kuma ya ragu. Amma cinta ba ya raguwa. Dusar da tsohuwa ɗaya ke ci ita ce za ta riƙe sagara mai ƙwai. Gaskiya ne tun 1975 da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa masara ta yawaita a wannan yanki, dusa ba ta wuya kamar wasu wurare, amma yawan abu ba ya halatta ɓarna.

Yaya za ki gane wadda ta daina aiki? Ki kama ta da dare a akurki. Mai yin ƙwai zankonta ja ne, mai taushi. Ki taɓa ƙasusuwa biyun da ke gefen inda ƙwai ke fita: in yatsu biyu ko uku sun shiga tsakaninsu, tana kan aiki. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, zanko kuma ya bushe ya yi fari, ta tsaya. Sai dai kada ki yi mata hukunci lokacin da take kwanci, ko renon 'yan tsaki, ko zubar da gashi, domin a lokutan nan kowace kaza takan huta. Ki ba ta wata biyu, ki sake dubawa.

Wata za ta ce, ai tsohuwar kaza ta fi iya reno. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. Tsohuwar da ta saba ba ta tashi daga kan ƙwai sai ta cika kwana 21, ta san shirwa tun daga inuwarta, kuma wadda ta tsallake annoba shekara da shekaru jininta abin riƙewa ne. Don haka ba mu ce ki kawar da su duka ba. Ki zaɓi ɗaya ko biyu, waɗanda kika tabbatar da renonsu, ki mai da su iyayen gida. Ki riƙa sa musu ƙwan matasan kajinki masu kyau, guda 10 ko 12, wanda bai wuce mako ɗaya da yi ba. Da damina kuma ki sa musu ƙwan zabi, amma ki tuna shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28. Sauran tsofaffin kuwa, ki ƙara musu abinci na 'yan makonni su yi nauyi, ki kai kasuwa gab da Salla lokacin da kaza ke daraja, ko kuwa yaranki su sha romo. Ai su ma suna da hakki.

Sai maganar zakara, wadda ita aka fi sakaci da ita. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji kamar 10. Amma in ya shekara uku ko huɗu a gida, to 'ya'yansa da jikokinsa yake bi, jini ya zama ɗaya. Sakamakon haka shi ne 'yan tsaki raunana, da ƙwan da ke ruɓewa a ƙarƙashin kaza. Ki canja shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Ba sai kin kashe kuɗi ba, kina iya musaya da 'yar'uwarki ta wani ƙauye mai ɗan nisa. Masu sha'awar kajin ƙwai na zamani, irin ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar, su sani suna ƙwai da yawa, amma sai da cikakken abinci da kulawa, kuma ba kasafai suke kwanci ba. Kun ga ke nan ko a nan ma kazar gida tana da ranarta.

Duk wannan wahala banza ce in hunturu ya zo ya share akurki. Kun san annobar nan da ke sa kaza ta yi zugum, fukafukai su sauka, kashi ya yi kore, wuya ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil. Ba ta da magani, kuma kafso da barkono a ruwa ba sa kashe ta. Amma tana da rigakafi, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, take yi, ɗigo ɗaya a ido. Ku haɗa kai a unguwa, ku nemi malamin dabbobi ya zo a watan Oktoba kafin iska ta juya, a kuma maimaita bayan wata uku ko huɗu. Sabuwar kaza daga kasuwa a keɓe ta mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta, kada a jefa a bola. In kuwa kaji suna zubewa farat ɗaya, a sanar da ofishin dabbobi, domin murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 tana iya kama mutum. Kuma don Allah kada wata ta kai kaza marar lafiya kasuwa. Wannan ha'inci ne, kuma gidan wata musulma 'yar'uwarki za ki kai wa asara.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Ki ware shafi biyu a bayan littafinki, ki rubuta wa mahaifiyarki kowace kaza da kamanninta, watan da aka ƙyanƙyashe ta, ƙwai nawa ta yi, 'yan tsaki nawa suka rayu. Ki sa wa ƙwan kwanci alama da gawayi don kada ya gauraya da sabo. Bayan shekara guda littafin nan shi zai faɗi wadda za ta zauna da wadda za ta tafi, ba sai an yi gardama ba. Ilmin da bai amfani tsakar gida ba ai da saura.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke kiwo, ya kare mana shi daga annoba. Amin.