Masu Garkuwa Da Kwamfuta: Gargaɗi Yakan Riga Ɓarawo Isowa

Ran Juma'a, 12 ga watan Mayu na 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a ƙasar Ingila suka ga wani jan rubutu ya mamaye fuskar kwamfutocinsu. Rubutun yana shaida musu cewa an kulle dukan takardun da ke ciki, kuma ba za a ba da mabuɗi ba sai an biya fansar dala 300 da kuɗin intanet na Bitcoin. Wanda ya wuce kwana uku bai biya ba, kuɗin ya ninka. Wannan annoba, wadda aka laƙaba wa suna WannaCry, ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150 cikin 'yan kwanaki. A Ingila kaɗai an soke ganin likita da aikin tiyata har kimanin 19,000, Ma'aikatar Lafiya kuma ta ƙiyasta hasarar a kan fam miliyan 92.

Abin takaicin shi ne ba a shammaci kowa ba. Tun ran 14 ga Maris kamfanin Microsoft ya fitar da facin da zai toshe kafar da ke cikin Windows, wadda ta nan ne cutar ta shiga. A watan Afrilu wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta baza wa duniya makamin da ke bi ta wannan kafa, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. Ofishin da ke kula da kwamfutocin asibitocin Ingila ya aika da gargaɗi a Maris, ya sake aikawa a Afrilu. Wato wata biyu cur bango yana tsage, ga mai faci yana kira, kafin ƙadangare ya iso. Da Babban Ofishin Binciken Kuɗi na ƙasar ya bi ba'asi, sai ya tarar asibitocin da abin ya shafa ko dai ba su sa facin ba, ko kuwa suna aiki da tsohuwar Windows da aka daina yi wa gyara.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, leƙen asirin ɓarayin intanet, kuma aikinsu ya yi kama da na masu bin sawu a daji. Sukan kutsa ɓoyayyun kasuwannin da ake sayar da kalmomin sirri na sata, su feɗe kowace sabuwar cuta su ga yadda aka ƙera ta, su haddace ɗabi'un kowace ƙungiya, da irin kamfanonin da take farauta, da ƙofar da ta saba bi, sa'an nan su sanar da waɗanda ke kan hanya. Ɗaya daga cikinsu ne ma, wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura da wani dogon adireshi a cikin WannaCry, ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, nan take yaɗuwar ta lafa. Amma mai bin sawu labari kurum yake kawowa. Rufe ƙofa aikin mai gida ne, kuma a yawancin kamfanoni takardar gargaɗi takan tsaya a teburin wani ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da ikon tsai da aiki ko na awa ɗaya don a yi gyara.

Ran 27 ga Yuni na wannan shekara wata cutar, NotPetya, ta taso daga Yukren, kuma waccan kafa tana cikin hanyoyin da ta bi. Ta yi shigar masu neman fansa, alhali ɓarna kawai ta zo yi. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk sai da ya sake ɗora manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000, ya yi hasarar dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya cece shi kuwa zai ba mai karatu na ƙasar nan dariya: an ɗauke wuta a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma, saboda haka kwamfuta guda da ke riƙe da rajistar izinin shiga ta kamfanin tana kashe lokacin da cutar ta ratsa. Da wannan kwafi tilo aka tayar da sauran. Babu kamfanin da ya kamata ya jingina ajiyarsa ga sa'a irin wannan; kwafin da ba a haɗa da intanet ba da gangan ake ajiye shi.

Daga baya sana'ar ta canza kama. Tun 2019, lokacin ƙungiyar Maze, ɓarayin sukan kwashe takardu tukuna kafin su kulle, don ko mai kamfani yana da kwafi su razana shi da tona asirin abokan cinikinsa. Sun kuma raba aiki kamar 'yan kasuwa: wani ya ƙera makami ya ba da haya, wani ya sayar da hanyar shiga, wani ya yi kutsen, a raba riba. A watan Mayu na 2021 ƙungiyar DarkSide ta kai wa kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka hari, bayan ta shiga da kalmar sirri guda ɗaya ta wani tsohon asusu da ba a rufe ba. Bututun ya tsaya kwanaki, layin mai ya cika gidajen mai, kamfanin ya biya dala miliyan 4.4. Wata biyu bayan haka aka gurgunta Transnet, mai tafiyar da tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Kudu, har da ta Durban.

Biyan fansar ma ba ya kashe magana. A 2024 kamfanin Change Healthcare na Amurka ya biya dala miliyan 22, sai shugabannin ƙungiyar BlackCat suka gudu da kuɗin ba su ba yaron da ya yi kutsen kasonsa ba. Takardun marasa lafiya suna hannun yaron, ba a daɗe ba wata ƙungiyar ta fito tana neman sabon biya.

A Nijeriya, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa duk wanda aka kai wa hari ya sanar da cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin daga kwana 7 zuwa awa 72. Hikimar ita ce labarin wanda aka fara kamawa ya zama gargaɗi ga na gaba. Sai dai tarar da dokar ta 2015 ta yanka wa wanda ya yi shiru naira miliyan 2 ce, kuma da wuya bankin da ke tsoron masu ajiya su ji an shiga kwamfutocinsa ya ga wannan kuɗi da yawa.