RA'AYINMU: KADA A BINNE GASKIYA TARE DA GAWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san yadda irin wannan labari kan zo. Da asuba a ji kururuwa daga wani gida, a ce an tarar da wance babu rai, ko a cikin ɗaki ko a cikin rijiya. In ka bincika sai ka ji bazawara ce da ba ta daɗe da fitowa ba, ko budurwar da aka fasa aurenta. Kafin hantsi gari ya rabu biyu. Wasu su ce baƙin ciki ne ya sa ta kashe kanta. Wasu su ce ƙarya ne, tsohon mijinta ne ko tsohon saurayinta, domin an sha jin yana cewa in bai zauna da ita ba babu mai zama da ita. Kafin azahar an yi wanka, an sa likkafani, an kai ta makwancinta. Daga nan kuma babu mai iya tabbatar da komai har abada.

Abin da ke biyo baya ɗayan zalunci biyu ne. In kashe ta aka yi, to an kashe ta sau biyu, an ɗauke ranta kuma an ɓata sunanta, an bar iyayenta da 'ya'yanta da gorin cewa tasu ta mutu a kan saɓon Allah, makashin kuma yana yawo a kasuwa yana neman wani auren. In kuwa ita ta kashe kanta, to an rataya wa wani bawan Allah jinin da bai zubar ba, ana nuna shi da baki har ƙarshen rayuwarsa, gaba ta shiga tsakanin gidaje biyu. Ra'ayinmu shi ne, duk mutuwar da aka yi jayayya a kanta wajibi ne a bincika ta kafin a rufe kabari, kuma Shari'ar Musulunci ce farkon mai neman a yi hakan.

Ba mu manta da abin da ya faru a unguwar Janbulo ta birnin Kano ranar 16 ga Satumba, 2022 ba, lokacin da wani ɗan ƙasar Sin mai suna Geng Quangrong ya shiga gidan su Ummukulsum Sani Buhari, wadda aka fi sani da Ummita, ya daddaɓa mata wuƙa har ta rasu. Tsohon saurayinta ne. A gaban kotu ya kawo zancen dukiyar da ya kashe mata, ya kuma ce kare kansa yake yi. Ranar 26 ga Maris, 2024 Babbar Kotun Jihar Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji, ta same shi da laifi ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Me ya sa jinin Ummita bai tafi a banza ba? Saboda mutanen gida sun gani da idonsu, an kai ta asibiti likita ya duba raunukan, an kuma tsaya a gaban alƙali an ba da shaida. Yanzu mai karatu ya ɗauke wannan aika-aika daga tsakiyar Kano ya kai shi wani ƙauye a bayan Bukkuyum, cikin dare, babu shaida, babu likita, makashin kuma ya sami sa'a guda ta gyara ɗaki. Wane labari gari zai tashi da shi da safe?

Kada kuma a ɗauka mata kaɗai abin ke ci. A watan Nuwamba na 2017 Bilyaminu Bello ya rasu a Abuja da raunuka a jikinsa. Matarsa Maryam Sanda ta ce faɗawa ya yi a kan fasasshen tulun shisha suna cikin rigima, masu gabatar da ƙara suka ce ita ta soke shi. An binne shi ba a yi wa gawar binciken ƙwararru ba, wannan giɓi kuwa shi ne babban abin da lauyoyinta suka riƙe. Sai da aka shafe fiye da shekara biyu kafin Mai Shari'a Yusuf Halilu ya same ta da laifi ranar 27 ga Janairu, 2020, bisa hujjojin da ke kewaye da al'amarin. In gidan masu hali a Abuja ya sha wannan wahala saboda gaggawar binnewa, ina ga talakan da ko kuɗin mota zuwa Gusau ba shi da su?

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne suka mutu a hannun mazajensu, samarinsu ko danginsu, wato kusan 140 a kowace rana, kuma Afirka ce ta fi yawa da kimanin 21,700. Wannan ya ishe mu mu gane cewa idan iyayen mamaciya suka ce suna zargin tsohon miji, ba a ce musu zafin rashi ne kawai ke sa su surutu.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin farashin binne gawa ba tare da tambaya ba. A 2010 yara sun yi ta mutuwa a Yargalma, Dareta, Abare da Bagega, ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa iska ce, ana cewa kwana ne ya ƙare. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka ɗebi jini aka auna, sannan aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake daka wa ana niƙa wa a cikin gidaje. Kafin a ankara yara wajen 400 sun tafi. Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke musun sa, amma ajali yana da sababi, kuma binciken sababin ne ya ceci dubban yaran da suka rage. Wanda ya ce imani da ƙaddara ya hana bincike, bai fahimci ƙaddarar ba.

Mu koma ga Littafin Allah. Sura mafi tsawo a cikin Alƙur'ani ta samo sunanta daga ƙissar wani da aka kashe cikin Banu Isra'ila ana ta tura wa juna laifin, Allah bai bar maganar ta tafi haka ba har sai da Ya tona makashin. A Suratu Yusuf rigar da ta yage ta baya ce ta raba mai gaskiya da mai ƙarya, malamai kuma suka kafa hujja da ita a kan aiki da alamomi wajen hukunci. A zamanin Manzon Allah (SAW) an sami wata yarinya a Madina an fasa mata kai tsakanin duwatsu biyu tana da sauran numfashi. Aka riƙa ambata mata sunaye har ta yi nuni da kai, aka kamo wanda ta nuna, ya amsa laifinsa, aka yi masa ƙisasi. Babu wanda ya ce a yi haƙuri a bar wa Allah.

Sannan ga ƙissar Abdullahi bin Sahl da aka tsinci gawarsa a Khaibara. Danginsa suka zargi Yahudawan garin. Manzon Allah (SAW) ya nemi su yi rantsuwa hamsin, suka ce ba za su rantse a kan abin da ba su gani ba, rantsuwar waɗanda ake zargi kuma ba su yarda da ita ba. Sai ya biya diyyar raƙuma ɗari daga wurinsa. Bai kashe kowa a kan zato ba, bai kuma bar jinin ya tafi a banza ba. Daga nan malamanmu na Malikiyya suka fitar da babin ƙasama, wanda duk ɗan Islamiyyar da ya karanta Risala ya wuce ta kansa. Sun ce ba a shiga rantsuwar sai da alama mai ƙarfi, kamar mamaci ya ambaci wanda ya kashe shi kafin ya cika, ko a sami shaida guda adili. Tsintar gawa a unguwar wasu kaɗai ba ta isa ba, balle jita-jitar bakin rijiya da ta teburin mai shayi. Shari'a ta tsare jinin mamaci, ta kuma tsare wuyan wanda ake zargi, a lokaci guda.

Za a ce mana ai Sunna ta yi umarni da gaggauta jana'iza, kuma gawar Musulmi tana da alfarma. Haka ne. Amma gaggawar da aka yi umarni da ita girmamawa ce ga mamaci, ba a shar'anta ta don ta zama mafakar makashi ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 1987, duk sun halatta binciken gawa idan ana tuhumar kisa. Sau da yawa ma abin bai kai ga tsaga jiki ba. Likitan da ya san aikinsa yana iya bambance shaidar igiya a wuyan wanda ya rataye da ta wanda aka shaƙe, yana ganin raunin da kan samu a hannun mai kare kansa, yana iya aika abin da aka sha a auna. Jinkirin yini guda ya fi nadamar shekara arba'in.

Za a kuma ce sutura ake nema, kada asirin gida ya tonu. Wace sutura ce wannan da za ta bar 'yarka da sunan mai kashe kanta alhali ƙila zaluntarta aka yi? Gaskiyar magana ita ce tsoro ne ya fi yawa. Talaka ya san in ya kai ƙara shi zai sayi takarda, shi zai zuba wa mota mai, ƙila ma a wayi gari shi ne a bayan kanta. Ga 'yan bindiga sun tare hanyoyi, a yankin da aka kashe mutane wajen 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki a Janairun 2022. Inda aka saba binne mutane rututu, wa zai tsaya a kan gawar bazawara guda? Wannan shi ne babban bala'in da ya same mu, jinin mutum ya zama ba a bakin komai ba.

A nan muke tuhumar mahukunta. A Gusau aka ƙaddamar da Shari'a ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, kafin ƙarshen Maris na wannan shekara an yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya. In an iya wannan zafin nama a kan saniya, ina zafin naman a kan rai? Shari'ar da ta san ɓarawon dabba amma ba ta da likitan da zai duba gawar 'yar talaka a ƙauye, ba ita ce wadda Manzon Allah (SAW) ya zo da ita ba.

Don haka muna kira. Masu wankan gawa, mata da maza, ku sani amana ce a hannunku. Umarnin rufa asirin mamaci bai shafi sara ko shaidar shaƙa ba, wanda ya gani ya yi shiru ya ɓoye shaida. Limamai, idan dangi suka ce suna da shakka, ku dakatar da jana'iza a kira hukuma da likita. Masu unguwanni da dagatai, ku hana a share ɗaki ko a wanke tufafi, a adana wayar mamaci, domin barazanar yau a cikin waya ake yin ta. Gwamnati ta tanadi likita a asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum da zai duba irin wannan gawa kyauta a ranar, da mace likita domin gawar mace. Sarakunanmu su tsaya wa wannan magana, ga shi kuwa Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya taɓa riƙe muƙamin Babban Jojin Abuja, ya san abin da rashin shaida ke yi wa shari'a.

Iyaye kuma, idan 'yarku ta ce tsohon mijinta ko saurayinta yana yi mata barazana, kada ku ce kishi ne zai huce. Ku kai magana gaban alƙali tun tana da rai. Matasa su ji da kyau: kuɗin da ka kashe wa mace ba su saya maka ranta ba, in kana da haƙƙi kotu tana nan. Allah Ya yi umarni a zauna da alheri ko a rabu da kyautatawa, babu hanya ta uku.

In kuma bincike ya tabbatar ita ce ta kashe kanta, to zunubi ne babba, amma ba ta fita Musulunci ba, a mazhabarmu ana yi mata wanka ana yi mata salla, lamarinta yana hannun Allah. Sai mu tambayi kanmu wa ya kore ta daga ɗakinta cikin idda, wa ya ƙwace mata 'ya'ya, wa ya yi mata gorin zawarci har duniya ta yi mata zafi. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ta jihar Sakkwato domin irinsa aka gina shi. Wanda ya ji wani nasa yana ambaton gajiya da rayuwa, ya zauna da shi, ya kai shi wurin likita, kada ya bari sai an yi kururuwar asuba.

Ranar Alƙiyama jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane. A ranar za a tambayi wanda ya kashe, za a tambayi wanda ya yi ƙazafi, za a kuma tambayi wanda ya gani ya ja bakinsa. Allah Ya ji ƙan mamatanmu, Ya tona asirin azzalumai, Ya wanke waɗanda aka yi wa sharri, Ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya ko da a kan kawunanmu ne. Wassalam.