MAN ALJERIYA DA WANDA YA RIƘE MAKULLINSA

'Yan'uwa na rassan jam'iyya, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, ku saurara. Maganar yau ta maƙwabciyarmu ce ta arewa, Aljeriya, wadda iyakarta take bayan Agadas.

A shekarar 1956 aka sami man fetur a Hasi Masa'ud, cikin Sahara, ana tsakar yaƙin 'yanci da ya tashi a 1954. Faransa ba ta ɓata lokaci ba. A Janairun 1957 ta kafa wata hukuma, OCRS, don ta yanke hamada daga Aljeriya, ta haɗa ta da arewacin Nijar da na Mali da na Cadi, ta riƙe makulli a Paris. Wato a ba baƙar fata tuta, a bar wa Nasara rijiya. Shugabannin FLN suka ce sam. Shawara ta watse a 1961 kan wannan batu, sai da De Gaulle ya sakar musu Sahara kafin a sa hannu a Ebiyan a Maris 1962.

Duk da haka kamfanonin Faransa suka ci gaba da haƙo mai kamar dā. Aljeriya ta kafa kamfaninta, Sonatrach, a 1963, ta horar da 'ya'yanta aikin, ta jira. Ran 24 ga Fabrairu 1971 Bumadiyan ya karɓe kashi 51 cikin ɗari na kamfanonin man Faransa, da gas da bututu gaba ɗaya. Faransa ta ƙaurace wa man na ɗan lokaci, daga baya ta dawo teburi. Da kuɗin nan aka gina lakwal a ƙauyuka, aka mai da magani kyauta daga 1974. A waje kuma murya ta yi ƙarfi: birnin Aljas ya karɓi taron ƙasashe 'yan ba-ruwanmu a 1973, ya zama masaukin masu yaƙi da mulkin mallaka daga ko'ina a Afirka.

To, amma akwai ɓangaren da masu yabo ba su son faɗi. An bar gona ta lalace, ƙasar da ke noman alkama ta koma sayenta daga waje. Sama da kashi 90 na kuɗin da ke shigowa daga waje na mai ne da gas. Jam'iyya ɗaya ce, ba wanda ke da ikon tambayar ta lissafi. Da farashi ya faɗi da fiye da rabi a 1986, sai kasuwa ta bushe, samari ba aiki. A Oktoban 1988 suka fito titi, soja ya buɗe wuta, ɗaruruwa suka mutu. Aka soke zaɓe a Janairun 1992, yaƙin basasa ya biyo baya kusan shekara goma.

Mu ma tun 2011 ana haƙo mai a Agadem, matatar Damagaram na iya tace ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma bututu ya fara kai ɗanyen mai gaɓar teku a Benin. Wa ya karanta muku yarjejeniyar da Hausa? Nawa ya shiga baitulmali, nawa ya koma rijiyoyi da iri da asibitin ƙauye? Kowane reshe ya zauna ran kasuwa mai zuwa, a karanta wannan takarda ga waɗanda ba su yi boko ba, a rubuta tambayoyin manoma da fatake, sakatare ya aiko da su kafin ƙarshen wata.